Hatimin Katako da Giwayen Gabon

Idan kamfanin katako ya shiga kurmin Gabon, ba ya share dajin ƙarƙaf. Yakan zaɓi itace ɗaya ko biyu a hekta, galibi okume, ya bar sauran a tsaye. Ɓarnar tana biyo hanyar da katafila ta fasa ne don fitar da gungume. Ita mafarauta ke bi da bindiga da tarkon waya, motar da ta ɗauko katako kuma ta haɗa da naman daji zuwa kasuwa. Bayan 'yan shekaru sai a tarar da daji kore shar, amma tsit, babu ko sawun giwa.

Nan ne hatimin ƙungiyar FSC, mai ba kamfanonin katako shaidar kula da daji, yake da aiki. Ƙungiyar, wadda aka aza harsashinta a 1993, mai hedikwata a birnin Bon na Jamus, ba ta ba kamfani shaida sai ya kafa shingen bincike, ya toshe hanyoyin da ya gama da su, ya sama wa ma'aikatansa nama mai sauƙin kuɗi don kada su koma farauta. An daɗe ana tababar ko wannan yana fita daga takarda. A 2024 masana ƙarƙashin Joeri Zwerts na Jami'ar Utrecht suka fitar da sakamakon kyamarori 474 da suka ɗaura a jikin itatuwa cikin gandun katako 14 a Gabon da Kongo Barazabil, bakwai masu hatimi, bakwai marasa shi. Manyan dabbobi masu nauyin sama da kilo 100, irin su giwa da goggon biri, sun bayyana ninki 2.7 a dazuzzuka masu hatimi. Ƙananan dabbobi kuwa kusan daidai suke.

Lamarin giwa ya fi taɓa min zuciya. Ita ke haɗiye 'ya'yan manyan itatuwa kamar mowabi, ta je nesa ta kasayar da ƙwallon cikin takinsa. Ranar da ta ƙare, katakon jikoki ya ragu.

Hatimin yana da tsada, ƙananan kamfanoni na kuka da shi, wa'adin 2022 da Gabon ta sa wa kowane kamfani ya samu hatimin ma sai da aka ɗage. Duk da haka ya fi sakaci. Mun ga yadda aka yashe madobiyar Taraba zuwa Sin, har aka dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018. Hukumomin gandun dajinmu su dubi abin da aka yi a Gabon, su fara da toshe hanya.