Musun gwanayen tsirkiya: tsakanin jita, gurmi da kukuma, wa ya fi wani hannu?

MUSU dai a majalisar samari ba ya ƙarewa. In ba a kan ƙwallo ba ne, to a kan fim ne: wane ya fi wane iya aktin, wance ta fi wance iya rawa. Amma akwai wani musun da kan ɓullo jefi-jefi a teburin mai shayi da shagunan masu tura waƙa a waya a Birnin Kudu da Gwaram, wanda shi ba a cika jin sa a sauran hirarrakin 'yan kallo ba. Wato wa ya fi kowa iya kiɗa? Ba waƙa fa ake nufi ba, kiɗan kansa, aikin yatsa a kan tsirkiya.

Wayar hannu ce ta jawo shi. Yaro yana cikin latse-latse sai ya ci karo da hoton wani Bature ya rungume jita, mawaƙi ya yi shiru, an bar shi shi kaɗai yana ta sa ta kuka na tsawon minti biyu ko uku, dubban mutane suna ihu. Wannan gurbin da ake bar wa makaɗi ya nuna bajintarsa shi ne abin da masoya kiɗan rok da bulus da jaz suke kashe kansu a kai. Har jerin gwanaye suke yi, na ɗaya zuwa na ɗari.

Mujallar Rolling Stone ta Amurka ta fitar da irin wannan jeri a 2003, ta sake a 2011, sannan a 2023 ta faɗaɗa shi zuwa mutum 250. Duk sau ukun Jimi Hendrix ne a sama, baƙar fatar Amurka, bahago, wanda ya rasu a 1970 yana ɗan shekara 27 kacal. A jerin 2023 Chuck Berry ne ke bi masa, sai Jimmy Page na ƙungiyar Led Zeppelin, wanda kiɗan da ya yi a ƙarshen waƙar "Stairway to Heaven" ta 1971 ya daɗe yana cinye irin wannan gasa. Su ma can ba su taɓa yarda da juna ba. Masoya bulus za su ce ina aka baro B.B. King, mutumin da ya raɗa wa jitarsa suna Lucille, wanda zai taɓa tsirkiya sau uku ya fi mai gudu sau ɗari ratsa zuciya? 'Yan jaz kuma su kawo Wes Montgomery da ke kaɗawa da babban yatsansa tsura. Kowa da gwaninsa.

To a nan ne hirar kan juyo gida. Da ma a kowace majalisa ba a rasa wani mai ɗan shekaru, direba ko tela, wanda ya tashi da kaset da Rediyon Kaduna. Shi ne zai ce a ajiye maganar Turawa tukuna, mu namu gwanayen fa?

Kuntigi, gurmi, kukuma

Da an faɗi haka sai majalisa ta dare gida uku.

Kashin farko na Ɗanmaraya Jos ne, Alhaji Adamu Wayya, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, ya rasu a watan Yuni na 2015. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi, jikinsa kuwa ɗan gwangwanin kifi ne aka rufe da fata. Ba ɗan amshi, ba mai kalangu, ba sanƙira. Mutum ɗaya ne da abin da zai shiga aljihun babbar riga, amma da shi ya zaga ƙasashen duniya, har Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Jita tsirkiya shida ce da ita, ga lantarki ga lasifika. Suka ce a ba Hendrix kuntigi mana a gani!

Kashi na biyu su ne 'yan kishin jiha, kuma a Birnin Kudu da Gwaram ba su da kaɗan. Nasu gwanin shi ne marigayi Haruna Uji na Haɗeja, mai gurmi, mai waƙar "Jummai". Duk da cewa Haɗeja tana can arewa maso gabas, su kuma suna kudu a masarautar Dutse, tun da aka yanke Jigawa daga Kano a 1991 ai an zama 'yan gida ɗaya. Su a wajensu gurmi ne ya fi kusa da jita, don da yatsu ake kaɗa shi, kuma hannun Uji yana da wani sanyi da ke tafiya daidai da waƙar soyayya. Wanda duk ya taɓa doguwar tafiyar dare a motar haya direba ya sa kaset ɗinsa, ya san abin da suke faɗa. Masu zurfin sani a cikinsu kan ƙara da Malam Maman Barka na Nijar, wanda ya rasu a 2018, shi ma gwanin gurmi ne.

Kashi na uku, 'yan kukuma, su ne suka fi kowa ɗaga murya, sai dai kuma su ne suka fi rabuwa a junansu. Wani ya ce Ibrahim Na Habu, don shi ya fito da kukuma fili har ta yi suna. Wani ya ce Garba Supa na Kano, wanda a zamaninsa biki bai cika biki ba in ba shi. Wani ya ce Hassan Wayam, wani Ali Makaho, wani Ahmadu Doka. Kafin a ankara sun manta da masu kuntigi da gurmi, sun kama junansu.

In za a bi ma'aunin da Turawan suke bi, gaskiya 'yan kukuma ne ke da rinjaye. Kukuma ƙanwar goge ce, tsirkiyarta ta izgar doki, ana goga ta da ɗan baka, saboda haka muryarta tana jan dogon numfashi kamar ta mutum, tana hawa tana sauka. Kuma a kiɗan kukuma ne aka fi samun wannan gurbi da mawaƙi zai ja bakinsa ya yi shiru, 'yan amshi su dakata, kalangu ya riƙe ƙasa, ita kuma ta ɗauki baitin da aka gama rerawa ta maimaita shi har mai saurare ya ji kamar kalmomin ne ke fita. A nan 'yan rawa ke zubar da kuɗi. Ɗanmaraya gwani ne ba musu, amma kuntiginsa rakiyar magana yake yi. Abin da ake jira a wajensa shi ne me zai ce.

Wannan ma ita ce matsalar musun gaba ɗaya. Bahaushe bai saba raba kiɗa da magana ba. Ko ganga ce, take take yi, kowa ya san kirarin da take faɗa. Dubi Dakta Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999: kusan babu mai ja da cewa shi ne babba, amma a samari goma da wuya a sami ɗaya da zai kawo sunan ko mutum guda daga makaɗan kalangun da suka yi shekaru a bayansa.

Wani abin dariya, in ana wannan musu a Birnin Kudu, ana yin sa ne a gindin kayan kiɗan da suka girmi jita da kukuma duka. A duwatsun garin, inda zanen shanun nan na mutanen da yake, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai faifan duwatsu da in an ƙwanƙwasa su suke amo kamar ƙararrawa, har da guraben da yawan duka ya lotsa. A 1955 Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya lura da su ya bayyana wa masana. Kalmar rok a Turanci tana kuma nufin dutse, ko da yake ba daga nan sunan kiɗan ya samo asali ba. Amma dai in ana neman masu kiɗan dutse na ainihi, to a zo Birnin Kudu.

Ina makaɗan finafinanmu?

Duk sunayen da aka lissafa a sama na mutanen jiya ne. Tambayar da kan kashe bakin majalisa ita ce: to a yau fa, wa za a sa a jerin?

A nan maganar ta shafi industiri kai tsaye. Tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da sutudiyo irin na Iyan-Tama a Kano suka fara haɗa kiɗan fim da fiyano ƙirar Yamaha, musamman bayan fim ɗin "Sangaya" ya yi kasuwar da ya yi, sai fiyano ta zama ita ce kalangu, ita ce sarewa, ita ce goge. Ba a ga laifin furodusa ba: mutum ɗaya a ɗaki ɗaya zai gama masa waƙa a wuni, maimakon ya ɗauko makaɗa biyar ya ciyar da su ya sallame su. Kuma a cikin masu fiyanon akwai masu basira ƙwarai. Sai dai abin da aka rasa shi ne hannu. Sautin da ke cikin na'ura iri ɗaya ne ko wa ya danna. Shi ya sa ɗan kallo zai jero maka Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef, Fati Nijar, Hamisu Breaker, ya faɗa maka wa ya fi wa murya, amma ka ce ya faɗi waƙar fim ɗaya da aka yi shiru aka bar makaɗi ya yi minti guda shi kaɗai, sai ya hau sosa ƙeya.

Ga kuma wani abin mamaki daga maƙwabta. Mdou Moctar, Buzu ne ɗan Nijar, bahago kamar Hendrix, wanda jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da wayar burkin keke. Kundinsa na farko, "Anar", a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin na'urar lanƙwasa muryar nan da kowa ya sani a waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a ƙasashen Sahel har suka faɗa kunnen wani Ba'amurke mai kamfanin faifai. A 2015 ya fito a matsayin jarumi a wani fim da aka ɗauka a Agadas da harshen Buzaye, labarin matashin makaɗin jita mai neman suna. Da Rolling Stone ta fitar da jerinta na 2023, sai ga sunansa a ciki, tare da marigayi Ali Farka Toure na Mali. Wato mutumin da ya zo aron salon sutudiyonmu bai saki tsirkiyarsa ba, ita ce kuma ta kai shi inda ya kai.

Mu kuwa ko a fim ɗin da labarinsa na ƙauye ne, an sa wa jarumi rawani an ba shi sanda, in aka zo wajen biki fiyano za ka ji. Wani lokaci har a riƙa wa ɗan wasa kukuma yana goga ta a banza, sautin da ke fita daban, motsin hannunsa daban. Alhali masu kukuma da gurmi da garaya ba su ƙare ba. Suna nan a kasuwannin ƙauye da wuraren biki da filin dambe, daga nan har cikin ƙasar Bauci da Gwaram ke iyaka da ita. Daraktan da ya ɗauko ɗaya daga cikinsu ya ba shi minti biyu a gaban kyamara, ya kuma rubuta sunansa a jerin ma'aikatan fim, bai kashe kuɗin da ya kai na kayan sawar jaruma a waƙa ɗaya ba.

Su kansu tsofaffin waƙoƙin da ake musu a kansu, yawanci daga kaset aka kwafo su zuwa kwamfuta, sautin ya dushe, wani ma an yanke farkonsa. A shagon mai tura waƙa za ka tarar an tara su a jaka guda an rubuta "gargajiya", ta Garba Supa an liƙa mata sunan Hassan Wayam, ta Wayam an ce ta Ahmadu Doka ce. Sau da yawa kafin a kai ga wa ya fi wani hannu, sai an fara kiran direban nan ko telan nan ya saurara ya raba gardamar wa ma yake kaɗawa.