Fitilar Da Ke Kunna Kanta

'Yan'uwa manoma, a zagayen da muke yi cikin ƙungiyoyi ana yawan tambayarmu labarin fitila mai wayo. To, ga bayani.

Ƙwan lantarki ne irin na LED, amma da 'yar na'ura a cikinsa mai karɓar umarni. Kamfanin Philips ya fito da nasa, mai suna Hue, a shekarar 2012. Daga wayar hannu mutum yana iya kunna shi, ya rage haskensa, ko ya sa masa lokacin mutuwa. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60, watau batirin sola zai daɗe.

Amma fa a lura. Sai an bar makunnin bango a kunne kullum, yana kuwa shan wuta kaɗan ko da ba ya haske. Ga tsada.

Mu dai wadda muka fi ganin amfaninta a ƙauye ita ce mai jin motsi, mai faifan sola a kanta. Da rana ta sha caji, da dare ta yi tsit, sai wani ya gifta ta haska. A kafa ta kusa da rumbu ko turken awaki, inda inuwar itace ba ta kaiwa. Da hunturu a riƙa goge ƙurar faifan, in ba haka ba batir ba zai cika ba. Akuya ma tana tayar da ita, saboda haka maigida ya leƙa tukuna kafin ya fito da sanda.