Lauyan Farko na Arewa da Masu Cewa Aikin Lauya Haramun Ne

Har yau ana samun masu cewa aikin lauya haramun ne, wai sana'ar kare ɓarawo ce don kuɗi. Ana jin zancen a zaurukan Zariya, ana jin sa a bakin 'yan ciranimmu a Sabha ta ƙasar Libiya, kuma abin haushi, masu yaɗa shi su ne kan gaba wajen cigiyar lauya ranar da aka kama ɗansu.

A dubi Alhaji AbdulGaniyu Folorunsho AbdulRazaq, mutumin Ilori, wanda ya zama lauya a Landan a 1955, na farko daga Jihar Arewa. A Zariya ya buɗe ofis, daga baya aka naɗa shi Tafidan Zazzau. Ya ba jam'iyyar NPC shawara kan shari'a, ya zauna a Majalisar Dokokin Arewa a Kaduna daga 1960 zuwa 1962, ya yi jakada a Kwaddibuwa, ya rasu a 2020. Kafin shi, ɗan Arewa da ƙara ta kai shi kotun Turawa sai dai ya ɗauko baƙo ya tsaya masa. Da Hukumar Willink ta zo a 1957 ana ja-in-ja kan a mai da Ilori Jihar Yamma, shi ya tsaya wa masu son ta zauna a Arewa. Da iyayensa sun bi wancan zance, wa zai yi wannan tsayuwa?

Za a ce ai aya ta 105 a Suratun Nisa'i ta hana tsaya wa maha'inta. Gaskiya ne, amma wanda ake tuhuma bai zama maha'inci ba sai hujja ta tabbata, kuma sau nawa talaka mai gaskiya yake rasa gonarsa don bakinsa ya mutu a gaban alƙali? Malaman Malikiyya, mazhabar Zariya da ta Sabha duka, sun halatta wakilci a husuma. Babinsa na nan a Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalanmu suka tashi da shi. Lauyoyin banza akwai su, masu jan shari'a shekara da shekaru suna tatsar magada, amma ba a taɓa haramta kasuwanci don wani ya tauye mudu ba.

Kai da ke aikin gini ko gona a Sabha, kada ka dangwala yatsa a takardar Larabci da ba a karanta maka ba. Ku rubuta ladan aiki da maigida, da shaidu biyu, ka ɗauki hoton takardar a waya. In an tsare ɗan'uwanka, kada ka zuba kuɗi a hannun dillalin da ya ce ya san wani babba. Nemi lauya, ka sanar da ofishin jakadancin ƙasarka. A Najeriya kuwa akwai hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali tun 1976. In na kuɗi ka ɗauka, ku yanke lada tun farko, ka karɓi rasit.