Ko Ka Sani? Katin Hoto: Suna Ɗaya, Hali Biyu

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Filinge ranar Lahadi, ya tsaya a kara ya ga yadda dattijon Kurfai, in dillali ya jawo masa sa yana rantsuwa cewa Azawak ne tsantsa irin na Tukunus, ba ya wadatuwa da sunan, sai ya buɗe bakin dabbar ya duba haƙora, ya shafa tozo, ya sa a kora ta ya ga takunta, to, ya riga ya sami rabin ilmin da samarinmu ke bukata yayin da suka tara 'yan jikkunansu, suka nufi Yamai don sayen katin hoto da zai ƙara wa kwamfutarsu ƙarfin wasa.

Mene ne haƙiƙanin wannan kati? Babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta tamkar alƙali take, mai zurfin fahimta, amma mas'ala bayan mas'ala yake yanke hukunci. Shi kuwa hoton da ke bisa allo ɗige-ɗige ne, 1,920 a kwance, 1,080 a tsaye, jimla 2,073,600, kuma wajibi ne a lissafa launin kowanensu kamar sau 60 cikin daƙiƙa guda, in ana so ɗan ƙwallon da ke gudu ya yi gudu ba tare da ɗingishi ba. Wannan aikin gayya ne, irin ta noman gero, kowa da kunyarsa, ba a neman malanta sai yawa da haɗa hannu. Katin da ake kira RTX 3060 yana ɗauke da irin waɗannan ƙananan ma'aikata 3,584.

Nvidia ta Amurka, wadda aka kafa a 1993, ta fito da GeForce 256 a 1999, kishiyarta AMD kuma ta shigo fagen ne da ta sayi ATI ta Kanada a 2006. Su ke tsara zuciyar katin, sa'an nan irin su Asus da MSI da Gigabyte su ɗora ta bisa allonsu, su sanya mata fankoki. Saɓanin da ke tsakanin waɗannan, a ganina, bai cancanci musun da samari ke yi a kansa ba, don galibi bai wuce sanyaya da ƙarar fanka ba.

Inda shubuha take shi ne kati biyu su amsa suna ɗaya alhali halinsu ya bambanta, kama da wane kuwa ba ta wane. A 2016 an fitar da GTX 1060 iri biyu, mai giga 6 da mai giga 3, jama'a suka zaci girman rumbun ajiya kaɗai ya raba su, ashe na biyun har ma'aikatansa an rage, daga 1,280 zuwa 1,152. Haka RTX 3060, wanda ya zo a 2021 da giga 12, daga baya aka yi masa ƙane mai giga 8, aka kuma ƙuntata ƙofar rumbun daga bit 192 zuwa 128, ta yadda ko da hatsin na nan, ɗibarsa sai an yi layi. Mafi ban takaici shi ne GT 1030, wanda a 2018 aka musanya ma'ajiyarsa ta GDDR5 da DDR4 mai nawa, suna bai canja ba, illa 'yan haruffa a gefen kwali waɗanda sai mai lura ke gani.

Bayan haka akwai sharaɗin da mutumin Faransa bai cika damuwa da shi ba, amma ya zama lazimi ga mazaunin Dallol Boso, inda zafin bazara kan haye digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta shiga ko'ina ba sallama: duk wutar da kati ya sha, zafi take komawa. RTX 4090 yana iya shan wat 450, RTX 3060 wat 170, RTX 4060 na 2023 kuwa 115 kacal. Saboda haka wanda ke dogara ga hasken rana da batir, ko wanda akwatin rarraba wutar kwamfutarsa tsoho ne, na fi son masa mai ƙaramin ciki, ko da abokai za su yi masa ba'a.

Na hannu kuma sai an yi hattara, domin da yawansu sun shekara dare da rana suna haƙar kuɗin intanet na Ethereum, har zuwa Satumba 2022 da aka daina haƙarsa da kati, aka zubo su kasuwa. Kafin a biya, a sa mai shago ya haɗa katin, ya buɗe manhajar GPU-Z, wadda ke fallasa adadin ma'aikata da irin ma'ajiya da faɗin ƙofa, a bar wasa yana tafiya rubu'in sa'a, mai saye ya kasa kunne ga fanka, idonsa kuma na kan ma'aunin zafi.