Firinta Mai Cin Tsabar Roba: Kwarara da Cinyewar Ƙarfe

Firintar 3D na'ura ce da ke gina abu hawa-hawa. Wadda aka fi sani tana narkar da roba, ta zuba ta siririya, ta ɗora wani layi a kan na farko, har siffar da aka zana a kwamfuta ta kammala. Scott Crump na Amurka ne ya nemi rajistar mallakar wannan fasaha a 1989, kuma da wa'adin rajistar ya ƙare a 2009 sai ƙananan firintoci suka bazu a duniya. Har a Lome ta ƙasar Togo, Afate Gnikou ya harhaɗa tasa a 2013 daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci.

Yawancin waɗannan firintoci zaren roba suke ci, mai kaurin milimita 1.75. Akwai kuma wani jinsi da ba ya jiran a ja masa zare. Shi tsabar roba yake ci kai tsaye, wato ƙwayoyin nan masu girman milimita 3 zuwa 5 da masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano suke zubawa a inji su fitar da bokiti da buta da kujera, irin ƙwayoyin da kamfanin Indorama yake sarrafawa a Eleme kusa da Fatakwal. Tsaba ta fi zare araha nesa ba kusa ba, ga sauri, sannan ana iya haɗa ta da tsohuwar robar da aka niƙe. Da irin wannan na'ura, wadda ɗakin binciken Oak Ridge da kamfanin Cincinnati suka ƙera, aka buga gangar jikin motar Strati cikin awa 44 a Shikago a 2014. A 2019 kuma Jami'ar Maine ta buga jirgin ruwa mai tsawon ƙafa 25 cikin awa 72.

Yadda kan firintar yake aiki

Duk wanda ya taɓa kai masara ko busasshiyar citta injin niƙa a Kafanchan ya ga rabin labarin. Ana zuba hatsi a mazurari, wani murɗaɗɗen ƙarfe yana juyawa yana tura shi gaba zuwa faifan niƙa, kuma ranar da haƙoran ƙarfen suka cinye, injin zai yi ta ruri amma gari kaɗan zai fito. Kan firinta mai cin tsaba ma mazurari gare shi, da sukuru mai juyawa cikin bututun ƙarfe, sai dai bututun yana da hita a jikinsa, a ƙarshensa kuma akwai nozil mai ƙaramar kafa.

Sukurun kashi uku ne. A na farko ramin zarensa yana da zurfi, don ya ɗebi tsaba tun tana da tauri. A na biyu ramin yana raguwa, sai tsabar ta matsu, ta narke, iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ta koma baya ta fice ta mazurari. A na uku ramin ba shi da zurfi, kuma a nan ake auna narkakkiyar robar a tura ta nozil. Zafin narkewa ba daga hita kaɗai yake zuwa ba; gugar da robar take yi tsakanin sukuru da bututu ma tana haifar da zafi mai yawa.

Abin da ya sa kwarara ke gardama

A firintar zare lissafi a bayyane yake: tsawon zaren da ya shiga shi ne yawan robar da za ta fita. A nan kuwa juyi ɗari na sukuru ba kullum yake ba da awo ɗaya ba. Idan ƙwayoyin ba su yi daidai da juna ba, musamman niƙaƙƙiyar roba mai fale-fale, sai su cushe a wuyan mazurari, sukuru ya yi ta juyawa babu abin ci. Idan zafi ya haura zuwa wuyan, tsaba ta fara danƙo tun ba ta shiga ba, ta toshe hanya. Shi ya sa ake sanyaya wuyan da fanka ko da ruwa.

Matsala ta biyu ita ce tsayawa. Firintar zare tana ja da zarenta baya, kwarara ta tsaya nan take. A bututu kuwa matsi ya riga ya taru, ko an tsayar da sukuru robar za ta ci gaba da ɗiga, idan kuma aka tashe shi sai ta yi jinkirin fitowa. Ana magance wannan ta hanyoyi huɗu: a juya sukuru baya kaɗan, a sa bawul mai rufe nozil, a sa na'urar auna matsi wadda za ta riƙa daidaita gudun motar da ke juya sukuru, ko a sa famfon giya tsakanin sukuru da nozil. Famfon giya ya fi su daidaito, domin kowane juyinsa awo ɗaya yake ɗauka, amma yana ƙara wa kan nauyi da tsada.

Inda ƙarfe yake cinyewa

Tsakanin bakin zaren sukuru da bangon bututu akwai ɗan rata. A injunan masana'antu ana barin kusan kashi ɗaya cikin dubu na kaurin sukurun, wato wajen milimita 0.05 ga sukuru mai kaurin milimita 50. Idan ratan ya faɗaɗa, narkakkiyar roba sai ta riƙa sulalewa baya. Mai aiki ya ga fitarwa ta ragu, ya ƙara gudu. Ƙarin gudu ya kawo ƙarin zafi da guga. Robar ta ƙone, ƙarfen ya ƙara cinyewa. Ke nan rikicewar kwarara da cinyewar ƙarfe ciwo ɗaya ne.

Abu uku ke cin ƙarfen. Na farko karta: zaren gilashi ko na kabon da ake gauraya wa roba don ƙarfi, da yashi da ɓurɓushin ƙarfe da ke cikin tsohuwar roba. Na biyu gogayyar ƙarfe da ƙarfe, idan sukuru ya karkace ko ya juya babu roba a ciki. Na uku tsatsa, domin robar PVC idan ta sha zafi fiye da kima tana fitar da hayaƙi mai asid. Nozil ma ba ya tsira. Na tagulla yana isar da zafi da kyau amma yana da laushi, kuma kafarsa ko kaɗan ta buɗe, kaurin layi ya canza. Don haka masu aiki da roba mai karta suke sa nozil na taurararren ƙarfe ko na tangistin kabaid, su taurara fuskar sukuru da naitirojin, ko su yi wa cikin bututu rufin wani ƙarfe mai tauri.

Damina da hunturu

Wanda zai kafa irin wannan na'ura a Kudancin Kaduna yana da abokan gaba biyu, kowanne da lokacinsa. Da damina iska cike take da laima, kuma robobi irin su ABS da nailan da PET, wadda ake yin gorar ruwa da ita, suna shan danshi. Ruwan da ya shiga bututu tururi yake zama, layin ya fito da kumfa, ga rashin ƙwari. ABS yana buƙatar busarwa ta awa 2 zuwa 4 a zafin digiri 80, sannan a adana shi a rufaffen mazubi. Shanya a rana ba ta wadatarwa. Polietilin da polifurofilin ba su cika shan ruwa ba, sai dai suna ƙanƙancewa su banƙare yayin hucewa.

Da hunturu kuma ƙura ce ke sauka a kan duk buhun da aka bari a buɗe, kuma mafi yawanta garin ma'adinin kwaz ne, wanda ya fi tagulla da ƙarfen gama-gari tauri. Robar da aka tsinto daga bola ko magudana ta fi haka yashi. Dole a ware ta jinsi-jinsi, a wanke, a niƙa, a tankaɗe, a kuma sa maganaɗisu a mazurari ya kama ƙusa da waya.

Sai batun wuta. Idan aka ɗauke ta ana tsakiyar aiki, roba takan daskare ta kama sukuru. Wanda ya tayar da motar sukurun da dawowar wuta, bai jira robar ta narke har ciki ba, yana iya murɗe sukurun ko ya karya shi.

Kafanchan ta san aikin ƙarfe tun da ta zama mahaɗar layin dogo a 1927, kuma tana da makanikai da masu walda, ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna, ga Kwalejin Ilimi a Gidan Waya. Noman citta a Kachia da Jaba da Kagarko yana buƙatar murafu da mazurarai da ƙananan kayan gyaran inji, waɗanda ake iya bugawa a gida. Mai son shiga wannan sana'a ya fara tanadar rariya da maganaɗisu da na'urar busarwa da sikeli. Ya riƙa auna nauyin robar da kan yake fitarwa cikin minti ɗaya a gudu ɗaya, yana rubutawa. Ranar da awon ya fara raguwa, lokacin zare sukuru a duba shi ya yi.