Abin Da Ƙaiƙayin Gero Ya Adana Na Tarihi

Duk wanda ya ziyarci Dutsen Habude ko Dutsen Mesa a Birnin Kudu zai ga zanen shanu da mutanen dauri suka bari a jikin duwatsu. Zanen ya nuna dabbobin da suka sani, amma bai faɗi abin da suke tuƙawa a tukunya ba. Irin wannan amsa a cikin ƙasa ake samun ta.

Tsiro yakan ruɓe, sai dai in ya ƙone ya zama gawayi, ko ya bar tambarinsa a jikin yumɓu. Don haka masana kan ɗebi ƙasar kufai su zuba a ruwa. Ƙonannun ƙwayoyi sai su taso sama, a tace su, a duba da madubin ƙara girma, sannan a auna shekarunsu da sinadarin kabon 14. A ƙasar Amurka, totuwar masara da aka tono a tsohon ginin Pueblo Bonito ta nuna cewa daga gonaki masu nisa aka kawo wani kaso na abincin mazaunansa.

A gida Nijeriya kuwa, masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus da Jami'ar Maiduguri sun yi tono a Gajiganna ta Jihar Borno cikin shekarun 1990. Sun tarar cewa maginan tukwane na wurin kan cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi. Da aka gasa tukwanen sai ƙaiƙayin ya ƙone, siffarsa ta zauna daram fiye da shekara 3,000.

Ta yaya aka gane geron noma ne? Geron daji, kamar shibra, yakan zubar da ƙwayarsa da zarar ta nuna, na gona kuwa yakan riƙe ta a zangarniya har a zo girbi. Wannan bambanci yana fitowa a gindin ƙwayar, kuma yumɓu ya kwafe shi. Tsofaffin tukwanen ba su nuna geron gona ba, sai na baya, alamar cewa makiyaya ne suka rungumi noma sannu a hankali.

Ashe ke nan sakainar tukunya da garma ke tonowa a gonakin Kangire ko Gwaram ba shara ba ce. Amma da zarar an raba ta da inda take kwance, an yanke zaren da ke nuna zamaninta. Manomin da ya ci karo da tarin irinta, ya bar ta a wurin ya sanar da hukumar adana kayan tarihi, ya ceci shafi guda na tarihin tuwonsa.