Yadda Furotin Yake Naɗewa

A kasuwar Jega akan ga mai shayi ya fasa ƙwai a kasko, nan da nan ruwansa ya daskare ya yi fari. Furotin ne ya sa haka.

Furotin kamar carbi yake, ƙwayoyinsa iri 20. Da fari ƙwayoyin sukan jeru, sa'an nan jerin ya murɗe, kana ya dunƙule. Wani lokaci dunƙule biyu ko huɗu sukan haɗu. Zafi kan warware wannan naɗi, shi ya sa ƙwai ke sandarewa.

Akwai furotin cikin jini kuma. A 1957 Vernon Ingram ya gano a Ingila cewa sauyin ƙwaya ɗaya tak a jerinsa ke kawo sikila. Tun da ciwon gado ne, ya kyautu a gwada jini kafin aure.